Shekarar da Inna Ta Juya Tabarma

Abin da zan faɗa muku yanzu na san wasunku sun tsinci gutsattsarinsa a bakin mutane, a gidan biki ko a bakin rijiya, kuma kun san yadda bakin mutanen Nasarawan Doya yake da ƙari. Gara ku ji daga wurina, ni da aka yi komai a gabana. Na tambayi babanku ko ya yarda in rubuta. Ya ce in rubuta amma kada in yi masa kwalliya. To ba zan yi masa ba. Babanku ya sha giya. Ya sha ta tun kuna ƙanana har manyanku suka yi aure, kuma abin da ya kusa kai shi kabari shi ne ranar da ya bar ta. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa barin ma yana kisa.

Kun san sana'arsa, gyaran injin ban-ruwa. Daga Makarfi har fadamun Taba da Kudan, in injin mutum ya ƙi tashi a tsakiyar noman rani, tumatir yana neman ƙonewa, shi ake zuwa ɗauka a kan babur. Ya koyi aikin ne a Zariya, a shagon wani Ba'indiye mai sayar da injuna wanda yaran shago suke kira Baba Raju. A Zariyar kuma ya koyi ɗaya abin, amma a wurin abokai, domin shi Ba'indiyen ko ƙwai ba ya ci balle kwalba. Ni da aka kawo ni daga Saulawa ban san komai ba, sai da na yi haihuwa biyu na gane. Shagonsa yana kasuwar Makarfi, a bayan shagon akwai wani lungu, a lungun akwai mai sayarwa a 'yan ledoji. Babanku ba ya tangaɗi a hanya, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Shi ya sa abin ya ɓoyu. Zai shigo, ya gaida mahaifiyarsa daga bakin ƙofa ba tare da ya matsa kusa ba, ya wuce ɗaki. Kuma ku tuna wane gida ne wannan. Kakanku limanci ya yi har ya rasu. Yayan babanku, Baba Idi, shi ke jan sallah duk ranar da liman ba ya nan. Inna kuwa, kakarku, ba ta da abin so a duniya kamar babanku, ba ta kiransa da komai sai Auta. Ni na yi faɗa, kun san bakina, na yi kuka, na yi yaji na dawo, amma ko iyayena ban taɓa gaya wa dalili ba. Haka aka koya mana: asirin miji a cikin mace yake mutuwa.

A shekarar da nake ba ku labari abin ya riga ya ci jikinsa. Da safe hannunsa rawa yake yi, ba ya daidaita sai ya je kasuwa ya dawo. Ana saura kwanaki a fara azumi wani abokinsa na lungun ya rasu, ciki a kumbure. Babanku yana cikin masu ɗaukar makara, kuma da kunnensa ya ji abin da mutane ke raɗawa a bayansa game da mamacin. Ranar da aka ga wata ya shigo ɗakina ya zauna a bakin gado, ya ce daga yau ya bari, ko ɗigo, Allah ne shaidarsa. A sauran shekaru in azumi ya zo ragewa kawai yake yi, bayan shan ruwa ya sulale. Wannan karon ya ce yankewa zai yi gaba ɗaya. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Washegari na soya ƙosai na yi sadaka da shi, mutane suna tambayata ko wani abin alheri ne ya samu, ina cewa Allah dai.

Tun azumin farko gumi ya fara keto masa. Da shan ruwa ya kasa riƙe kofin kunu, ya zubar a riga, abin da ya samu ya haɗiya kuma ya dawo. Na ce wahalar azumi ce, ya daure. Ni da bakina na ce ya daure, don ban san wani abu da ya wuce haƙuri ba. Bayan kwana biyu ko uku, da rana tsaka bayan azahar, yana kwance a inuwar rumfa, sai na ji yana magana shi kaɗai. Na leƙo na gan shi yana kakkaɓe jikinsa, wai kunamu ne ke hawa ƙafafunsa, wai ga su nan suna saukowa daga bango. Yana kiran mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Kafin in isa gare shi ya sandare, ya fara jijjiga, ya ciji harshensa har jini. Gida ya cika. Inna ta ce iskoki ne, ta daɗe tana hana shi shiga fadama da tsakar rana yana kwanciya gindin tsamiya. Baba Idi ya zauna a kansa yana karatu yana tofi, aka kawo garwashi aka yi hayaƙi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ita abin da ba ta gane ba, yaya za a ce aljanu a watan da aka ɗaure su? Baba Idi ya dakata da karatun yana yi mata bayani cewa manyan ne ake ɗaurewa. A kan mutum kwance fa ake wannan muhawara! Ni ina tsaye jikin turmi, zuciyata ta riga ta gaya mini wannan abu da kwalba yake da alaƙa, ko da ban san ta yaya ba. Da ya sake sandarewa karo na biyu ban nemi izinin kowa ba. Na fita da mayafi a karkace na tsayar da mai motar da ke kai rake kasuwa.

A asibitin cikin gari wata likita muka samu, yarinya ce ba ta wuce sa'ar babbar yayarku ba. Ta duba idonsa, ta riƙe hannunsa, ta kalli yadda yake zabura. Mu kuma muna jere a baranda: Inna a kan benci da carbinta, Baba Idi, direban, da maƙwabtan da suka biyo mu. Sai ta fito ta tambaya ko yana shan wani abu, ƙwaya, ko maganin tari, ko giya.

Baba Idi ya ce, "Likita, ɗan liman ne fa. Ko goro bai dame shi ba."

Ta ce ita ba alƙali ba ce. Ta ce in mutum ya saba sha ya yanke farat ɗaya, haka jiki yake yi, kuma maganinsa daban ne da na farfaɗiya ko zazzaɓin da ya hau kai. In aka bar ta tana lalube, mai yiwuwa ba zai kai gobe ba. Tana maganar ba ta kallon kowa sai ni. Na kalli Inna. Na kalli direban, wanda na san duk abin da ya ji kafin magariba ya kai tasha.

Na ce, "Yana shan giya. Ya daɗe yana sha. Ranar da aka ga wata ya bari."

Likitar ta juya da sauri ta shige ciki. Baba Idi ya miƙe ya koma can nesa ya ba mu baya. Inna ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga.

Ta ce, "Ladi, da aka kawo ki gidan nan ba haka na ba ki shi ba."

An yi masa allura, an ɗaura masa ruwa, an ce maganar azumi a ajiye ta sai ya warke ya rama. Ya yi barci kamar wanda aka sauke wa kaya. Da ya farfaɗo likitar ta zaunar da mu ta ce niyyarsa mai kyau ce, amma irin wannan bari a gaban asibiti ake yinsa, da magani, a hankali. Mun kwana a can har azumi ya raba. Kafin mu dawo gida labari ya riga mu isowa, ya ci abinci ya huta.

Nan na fara biyan kuɗin maganata. Kwanon Inna yadda na kai shi haka yake dawowa, ko murfin ba a ɗaga ba. In na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. A bakin rijiya in na iso hira ta mutu. Wata ta ce mini wai ita ko wuƙa aka sa mata ba za ta tona mijinta ba, na ce mata to Allah ya ba ta miji gawa mai rufaffen asiri. Ban yi nadamar wannan amsa ba har yau. Amma duk wannan bai dame ni ba kamar mutumin da na dawo da shi. Yana da rai, alhamdu lillahi, sai dai kamar an kwashe abin da ke cikinsa. Ba barci, ba cin kirki. Faɗuwar cokali sai ta zabura shi. Mutumin da bai iya faɗa ba ya koma yi wa kaji tsawa. Kunya ta hana shi fita ko zaure. Ƙwayoyin asibiti kuma an ce ragewa za a yi ta yi har su ƙare, ba abin dawwama ba ne. Wata rana da yamma ina tankaɗe, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya ce shi fa lungun nan yana jinsa a cikin ƙirjinsa kamar ana kiran sunansa. Ya ce yanzu azumi ne ke riƙe da shi, in aka yi Sallah bai san abin da zai riƙe shi ba. Likita kuwa ta riga ta gaya mana hantarsa ba za ta ɗauki wani zagayen ba.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki sai ga wata tsohuwar mota a ƙofar gida. Baba Raju ne. A bakin masu zuwa sayen kayan gyara ya ji. Tsoho ne siriri, kai fari fat, ya shekara da yawa a Zariya, Hausa a bakinsa radau, illa dai ni ma "kai" yake ce mini. Don murna na yanka masa zakara, ashe ba ya cin nama. Fura kawai ya sha, zakarana ya tafi a banza, abin ya tsaya mini a rai kwana biyu. Ya zauna da babanku a zaure, ni ina daga bayan ƙofa. Ya ce ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya giya ce ta kashe shi a can ƙasarsu, shi yana nan Zariya yana neman kuɗi bai je ba. Ya ce mahaifinsu mai maganin gargajiya ne irin nasu, wanda suke kira Ayurbeda, kuma shi ma ya tsinci kaɗan tun yana yaro. Abin da ya fara tambaya shi ne magungunan asibiti. Ya jujjuya su ya ce kada a kuskura a daina ko ɗaya sai likita ta ce, kuma duk abin da zai bayar a kai mata ta gani tukuna.

Ya ce, "Asibiti ne ya ciro shi daga rijiya, wannan ni ban iya ba. Abin da na sani kaɗan ne: yadda mutum zai daina zuwa bakinta yana leƙe."

Ya duba harshensa, ya riƙe wuyan hannunsa ya yi shiru yana saurare. Ya ce jikin ya bushe, ya yi zafi, ya manta yadda ake nutsuwa. Sannan ya kira ni ya lissafa mini aikina. Abinci mai ɗumi mai laushi, a kan lokaci, a rage yaji, a bar shayi mai kauri. Man riɗi in ɗumama shi, in shafa masa a tsakar ka da tafin ƙafa in murza sosai kafin wanka. Madarar shanu a tafasa da citta da ɗan kurkur. Sai ya ciro wani gari a ƙulli, na wata saiwa da suke kira ashwaganda, warinta kamar turken doki. Mun kai wa likitar duka. Ta ce mai da abinci da motsa jiki ba ta da ja, amma saiwar a dakata sai ta sake duba hantarsa, kuma sai daga baya ta yarda da ɗan kaɗan. Baba Raju bai ji haushi ba, ya ce ta fi shi gaskiya.

Babban abin shi ne wanda yake kira yoga. Duk mako yakan zo ya koya masa a zaure. A toshe hanci ɗaya da yatsa a ja numfashi a hankali, a sake ta ɗayan. A ɗaga hannu sama, a sunkuya, a dafa ƙasa, a miƙe baya, a kwanta rub da ciki a ɗago ƙirji. A ƙarshe a kwanta rigingine a saki jiki kamar ba rai. Ya ce in kiran lungun ya taso kada ya yi kokawa da shi, ya zauna ya yi numfashin nan ya jira, domin kiran tasowa yake yi ya kai ƙarshe ya sauka. Ya kuma ce su a addininsu akwai kalmomin da suke faɗa a ciki, amma ba zai koya masa su ba, shi ma yana da nasa, ya sa nasa. Sai babanku ya sa istigfari. Ranar da na fara leƙawa na ga babanku da furfurarsa ya kifa kai ƙasa ya ɗaga ƙugu sama, dariya ta kuɓuce mini har na zauna a ƙasa. Rabona da dariya tun kafin azumi. Shi ma daga inda yake kife sai da ya dara. Abin bai yi aiki dare ɗaya ba, kada wani ya gaya muku sihiri ne. Amma wata safiya bayan na murza masa man nan sai ya ɓingire a kan tabarma, ya yi ta minshari har hantsi ya dubi ludayi. Na kori kaji, na hana daka, duk wanda ya yi sallama na tare shi da yatsa a baki.

Baba Raju ya ce a riƙa yi da sassafe, ciki babu komai, a fili inda iska ke kaɗawa. To a nan muka yi kuskuren da ni da shi ba wanda ya lura. Babanku in ya dawo daga asuba sai ya zauna lazimi har gari ya yi haske, ya ɗauki dardumarsa ya tafi garkar da ke bayan ɗakinmu. Hannun da tun yana yaro bai taɓa shimfiɗa darduma ba sai gabas, gabas ya shimfiɗa ta. Ya tsaya ya haɗa tafin hannu a ƙirji, ya ɗaga su sama, ya sunkuya, ya kai goshi kusa da ƙasa, daidai lokacin da rana ke ɓullowa, lokacin da ko ɗan makarantar allo ya san ba a sallah. Dangar garkar kuma gajeriya ce, hanyar gona ta bi ta jikinta. Ba a yi wata guda ba gari ya ɗauka: Auta ya bar giya ya kama addinin Ba'indiye, rana yake bauta wa. Har da masu rantsuwa cewa sun ji yana kiranta.

Baba Idi ya tara maza a zaure. Ban ga laifinsa duka ba, mutum ne da aka riga aka kunyata sau ɗaya, kuma abin da aka gaya masa ba ƙarami ba ne. Ya ce giya zunubi ce, amma wannan fita ce daga addini. Ya ce Ba'indiye kada ya sake taka ƙofar gidan nan, kuma in babanku ya ƙara yin wannan abu kada ya tsaya kusa da shi a sahu. Babanku da kunya ta riga ta gama da shi bai kare kansa ba, ya ce ya bari. Aka aika wa Baba Raju, ya ce ba komai, ba ya son ya raba 'yan'uwa.

Ban san ko miƙe-miƙen ne jikinsa ya rasa ba, ko kuwa baƙin cikin a ce masa kafiri ne, ko duka biyun. Na dai ga barci ya gudu. Ya koma zagaye tsakar gida. Man riɗi ma ya ce in bar shi, kada a ce shi ma tsafi ne. Wata rana da hantsi na fito daga madafa na same shi da takalmi a ƙafa yana laluben makullin babur, wai zai je ya duba shago. Idonsa bai yarda ya haɗu da nawa ba. Na ce ya jira ni in dawo. Na zarce ɗakin Inna, wanda rabona da shiga cikinsa tun kafin asibiti. Tana zaune tana tsince wake. Na durƙusa.

Na ce, "Inna, ki ƙi ni har ƙarshen rayuwa, na yarda. Amma ɗanki yana can yana neman makullin babur, kuma kin san inda za shi."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta har na fara tunanin tashi. Sai ta tambaya, tana kallon faifai, ko abin nan da yake yi yana sa shi barci. Na ce yana sa shi. Ta tambaya ko yana kiran wani wanda ba Allah ba. Na ce istigfari yake yi, da kunnena na ji.

Ta ce, "Ce masa ya cire takalmin. Gobe ya yi in gani."

Washegari ta dogara sandarta ta zo garka, ta sa aka kifa mata turmi ta zauna, ta aika a kira Baba Idi. Babanku ya shimfiɗa darduma, ya yi abinsa tun daga farko har ƙarshe, tana kallo ko ƙiftawa ba ta yi. Da ya gama ta ce ya tashi. Ta sa bakin sanda ta janye dardumar gefe. Ta ce a ɗauko mata tsohuwar tabarmar da nake shanya barkono. Da aka kawo, ita da kanta ta tura ta da sanda da ƙafa har ta daidaita tana kallon kudu, saitin turken awaki.

Ta ce, "Idi, kai ne malami. Akwai mai sallah a kan tabarmar shanya yana kallon kudu?"

Ya ce, "Babu, Inna."

"To ba sallah yake yi ba. Miƙa yake yi. Kuma daga yau sai rana ta ɗaga zai fara. Wanda ya ga ana bauta a nan, ya zo ya gaya mini ko akuya ake bauta wa."

Baba Idi bai tsaya nan ba, ya kai maganar gaban liman, kuma na gode masa da ya kai. Liman ya kira babanku ya tambaye shi abin da yake faɗa da abin da yake nufi a zuciyarsa. Ya ce in dai don lafiyar jiki ne, babu kiran wani abin bauta, babu kamanta sallah, shi bai ga abin hani ba, ya dai bar haɗa tafin hannu a ƙirji. Aka aika wa Baba Raju ya dawo. Da ya ga inda tabarma ta koma ya yi dariya har da tari, ya ce huhu bai san gabas da kudu ba. A daren ranar da aka juya tabarma kwanon Inna ya dawo wayam. Amma kada in yi muku ƙarya in ce komai ya koma yadda yake. Har ta koma ga Allah ba ta sake kirana Ladi ba, sai matar Auta. Na san abin da na karya a zuciyarta, ta kuma san abin da na tsirar mata, muka zauna a haka.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga noman rani. Manoma suka fara sallama a ƙofar gida, injuna sun kwanta. Ni da so samu ne in ɗaure shi a gindin turmi. Baba Raju ya ce ba a warkewa a ɓoye, dole wata rana ya koma inda abin yake. Likitar ma haka ta ce. Ranar kasuwar Makarfi ya yi miƙarsa a gaban awaki, ya sha madararsa, ya ɗauki jakar sifanu ya hau babur. Na tsaya a zaure har na daina jin ƙararsa. Yinin ranar ban san abin da na aikata ba. Na share tsakar gida na sake sharewa, na zuba wa miya gishiri na manta na sake zubawa. Duk babur ɗin da ya wuce sai gabana ya faɗi. Inna ma ta fito da tabarmarta bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba, muna zaune nesa da juna.

Ana kiran la'asar ya shigo, riga duk baƙin mai. Ya wuce kai tsaye wurin mahaifiyarsa ya durƙusa dab da gwiwarta ya gaishe ta, sannan ya zo ya zauna a bakin madafa. Ban kai ga tambaya ba. Shi ya fara.

"Abokan lungun nan sun zo," ya ce. "Har ƙofar shago, da ita a aljihu. Wai murnar dawowata."

Na riƙe muciya da hannu biyu.

"Na ji abin ya taso mini tun daga ciki. Sai na zauna a kan wani mataccen inji na toshe hanci ɗaya, a tsakiyar kasuwa. Ladi, har masu rake sai da suka taru. Dariya suka yi ta yi mini."

Na ce, "Sai kuma me?"

"Sai ya sauka. Na tashi na ƙarasa wa mutumin Taba injinsa." Ya goge hannu a gwiwa, ya leƙa tukunya. "Akwai abinci? Yunwa nake ji."

Daga ranar zuwa yau kiran ya sha tasowa, shi da kansa yake gaya mini, kuma bai sake amsawa ba. Amma ni a ranar na sauke numfashin da na riƙe tun ganin wata. Na shiga madafa na juya baya na yi kukana ba sauti, na share ido da bakin zane, na kwaso tuwo na zuba miya na kai masa. Miyar nan gishiri ya kashe ta, ni kaina ban iya kai loma biyu ba. Ya cinye tas, ya miƙo kwano ya ce in ƙaro.